Lucile Browne da matan finafinan kaboyi da ake canzawa duk bayan fim biyu

Tsakanin 1933 da 1935 John Wayne ya yi finafinan kaboyi guda 16 a wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Lone Star, wanda kamfanin Monogram ke raba masa finafinai a Amurka. In ka jera su ka kalla zaka ga kusan komai ɗaya ne, jarumin dai shi ne, daraktan mafi yawansu mutum ɗaya ne wato Robert Bradbury, mai riƙe kyamara yawanci Archie Stout, ɗan wasa George Hayes yana nan a mafi yawansu, Yakima Canutt gwanin faɗowa daga kan doki shima yana nan, yau ya fito a bos gobe ya fito a yaron bos. Abu ɗaya ne baya zama, macen. Mata 12 ne suka ja finafinai 16 ɗin nan a matsayin jaruma, kuma babu wadda ta wuce guda biyu. Ɗaya daga cikinsu ita ce Lucile Browne, kuma a kanta nake so mu tsaya, dan in ka gane yadda aikinta ya tafi to ka gane yadda harkar gaba ɗaya take, ka kuma gane dalilin da yasa mata masu yawan gaske suka sha rana da ƙura a bayan dawaki shekara da shekaru amma yau ko sunansu ba'a kira.

Mutane da yawa da zarar sun ji an ce ƙaramar 'yar wasa sai su ce ai bata iya bane, da ta iya da ta yi suna. Gaskiya ni ban yarda da wannan maganar ba, musamman a kan irin waɗannan matan. An gina kasuwar ne tun daga tushe yadda ba za'a yi fim ba sai da mace, amma kuma babu wanda zai ci ribar sisi in macen ta girma. Abinda zan yi ƙoƙarin warwarewa kenan.

An haifi Lucile Browne ranar 18 ga Maris 1907 a Memphis ta jihar Tennessee. Ta taɓa wasan daɓe kafin ta shiga fim, kuma ta shigo Hollywood a daidai lokacin da fim ya fara magana, lokacin da kamfanoni ke wawason duk wanda ya saba tsayawa gaban jama'a ya yi magana da murya mai fita, saboda da yawa cikin taurarin finafinan bebe sun kasa jure makirfo. Abin lura shine ba daga ƙasa ta fara ba. A 1930 kamfanin Fox, ɗaya daga cikin manya, ya saka ta jaruma a fim ɗin kaboyi na George O'Brien mai suna Last of the Duanes, kuma a fim ɗin akwai Myrna Loy wadda ta fito a matar ɗan fashi. Ka riƙe sunan nan. A shekarar dai ta fito a Soup to Nuts, fim ɗin barkwanci da a cikinsa aka fara ganin 'yan ban dariyar da daga baya duniya ta sani da Three Stooges. A 1933 ma ta samu rol mai ɗan kyau tare da 'yan barkwanci Laurel da Hardy a The Devil's Brother. To kaga wadda manyan kamfanoni suka riƙa ɗauka haka ai ba za'a ce bata san aikinta ba.

Sai dai ta zo a mummunan lokaci. Kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe a Oktoban 1929, William Fox da kansa ya rasa ikon kamfaninsa a 1930, sannan a shekarar Fox ta zuba maƙudan kuɗi a wani ƙaton fim ɗin kaboyi The Big Trail da wani yaro sabon shiga John Wayne, fim ɗin bai mayar da kuɗinsa ba. Cimarron na kamfanin RKO ya ci kyautar Oscar ta gwarzon fim amma shima asara ya ja. Daga nan manyan kamfanoni suka ja baya da manyan finafinan kaboyi kusan shekara tara, sai 1939 suka dawo da ƙarfi. Shi kansa Wayne faɗowa ƙasa ya yi, ita ma Lucile bata daɗe a Fox ba, zuwa 1931 tana can tana finafinai masu dogon zango a Universal.

Shi fim mai dogon zango na wancan lokacin ga yadda yake, kashi 12 ne, kowane kashi kamar minti 20, ana nuna ɗaya duk ranar Asabar kafin babban fim, kuma dole kowane kashi ya ƙare ana cikin bala'i, gida na ci da wuta ko keken doki ya nufi rami ko bos ya ɗaga bindiga, dan yara su matsa wa iyaye su basu kuɗin tikiti sati mai zuwa. Kuma wa ake sakawa cikin bala'in nan mafi yawan lokuta? Macen mana. Lucile ta yi irin wannan guda shida cikin shekara huɗu. Uku a Universal, Danger Island da Battling with Buffalo Bill a 1931, sai The Airmail Mystery a 1932. Uku kuma a kamfanin Mascot na Nat Levine, The Last of the Mohicans a 1932 tare da Harry Carey, The Mystery Squadron a 1933 tare da Bob Steele, sai The Law of the Wild a 1934. Ka lissafa, kowanne kusan awa huɗu ne in aka haɗa, kuma Mascot cikin 'yan makonni suke gama ɗauka, wato daga asuba har faɗuwar rana ake aiki, babu zancen a sake sin dan wani ya yi tuntuɓen harshe sai in abin ya ɓaci sosai.

Wannan na ƙarshen, The Law of the Wild, shi yafi nuna matsayinta a idon masu kuɗin. Taurarin fim ɗin da aka sa a saman fasta doki ne mai suna Rex da kare mai suna Rin Tin Tin Jr, mutane suna biye a ƙasa. Wallahi abin yana taɓa ni, amma in ka duba lissafinsu zaka ga daga ina abin ya fito, sunan Rin Tin Tin kowane yaro a Amurka ya san shi tun shekarun 1920 lokacin da asalin karen ke tara wa Warner Brothers kuɗi, to sunan karen yana sayar da tikiti, sunan Lucile Browne kuwa babu wanda ya taɓa kashe kuɗi ya tallata shi balle ya sayar.

Nan ne ainihin maganar take, dan haka bari in ɗan zauna a kai.

Lokacin matsin tattalin arzikin nan masu shiga silima sun ragu sosai, daga 1930 zuwa 1933 kusan kashi ɗaya cikin uku suka daina zuwa. Sai masu gidajen silima suka fito da dabarar fim biyu a tikiti ɗaya, babba ɗaya ƙarami ɗaya. Shi babban ana raba kuɗin ƙofa ne tsakanin mai silima da kamfani, in ya karɓu kowa ya dara. Shi kuma ƙaramin kuɗin haya ne tsayayye, ko silima ta cika ko bata cika ba abinda aka yanka shi za'a biya. Ka ga kenan furodusan ƙaramin fim ya san abinda zai samu tun kafin ya kunna kyamara, in fim ɗin ya yi kyau fiye da kima ba za'a ƙara masa ko kwabo ba, hanya ɗaya ce tak ta samun riba, ya rage abinda zai kashe. Shiyasa finafinan Lone Star ake yin kowanne a kan dala dubu goma da 'yan kai, cikin kamar sati ɗaya, tsawonsa minti hamsin da wani abu, babu kiɗa a ƙarƙashin faɗa ko tsere sai ƙarar kofato, kuma in akwai wani sin na doki ya faɗa ruwa da aka ɗauka bara to za'a yanko shi a sake liƙawa bana. Daga cikin kuɗin nan Wayne ke ɗaukar dala 2,500 a kowane fim, sauran kuma a raba wa kowa da komai, dawaki, motoci, fim ɗin ɗauka, wankin fim, darakta, da 'yan wasa gaba ɗaya.

Irin waɗannan ƙananan kamfanoni sun taru ne a wajajen titin Gower a Hollywood, har ana kiran wurin da layin talauci. Basu da gidajen silima nasu kamar MGM ko Paramount, da yawansu sai dai su sayar wa dillalan yanki-yanki, wannan ya ɗauki jihohin kudu wancan ya ɗauki na tsakiya, su kuma su bi ƙananan garuruwa suna bada haya. Kuma ba fim ɗaya-ɗaya ake sayarwa ba, jeri ake sayarwa, shida ko takwas na shekara guda, da sunan jarumi, tun ba'a rubuta labarin ba. Mai silima a wani ƙauyen Texas ko Oklahoma sari yake yi kamar yadda mai tireda ke sarin katan, sunan da ke jikin kwalin yake dubawa, John Wayne takwas, Ken Maynard takwas, Bob Steele shida. Babu wanda ya taɓa tambaya wace mace ce a ciki. To tunda jarumi ne hajar, shi ake ɗaure wa da kwantiragin shekara, shi ake yi wa fasta, har dokinsa sai an sa masa suna an tallata, Tarzan na Maynard, Champion na Gene Autry. Macen kuwa ɗaukar kwana uku ko huɗu ake mata, a tattara duk sin ɗinta a ɗauka a jere a sallame ta. In aka riƙe mace ɗaya har 'yan kallo suka saba da ita suka fara nemanta, gobe zata ce a ƙara mata kuɗi, kuma ƙarin nan babu inda zai fito tunda hayar fim ɗin bata motsi. Sabuwar fuska ta fi araha, kuma Hollywood cike take da 'yan mata masu jiran kira.

Akwai kuma dalili na cikin labarin kansa. A ƙarshen fim jarumi yakan samu yarinyar, wani lokacin har a nuna sun yi aure ko suna shirin yi. Wata mai zuwa kuma zai dawo da wani suna a wani gari a matsayin baƙo mara kowa. Yara zasu yarda su sake ganin George Hayes a sabon rol, zasu yarda bos ɗin da aka harbe wancan watan ya dawo da sabon gashin baki, amma furodusoshi sun ɗauka cewa sabuwar soyayya sai da sabuwar mace. Kuma masu kallon da ake nufi yara maza ne na ranar Asabar da mutanen karkara, ana ganin yaran nan basa son a daɗe ana soyayya, so suke a hau doki. Shi yasa rol ɗin mace ya ƙanƙance ya koma abu kaɗan, 'yar mai gonar shanu da aka kashe ubanta, ko ƙanwar wanda aka yi wa sharri, ko malamar makaranta, kuma kusan kullum sai ta fara zargin jarumi kafin ta gane gaskiya.

Duba biyun da Lucile ta yi da Wayne a 1935. A Texas Terror ta fito a Bess, 'yar wani dattijo da aka kashe, Wayne kuma shine sherif, wato babban ɗan sandan yankin, da ya ɗauka harsashinsa ne ya kashe dattijon wanda amininsa ne, sai ya ajiye aiki ya shige daji ya tara gemu. Ita ta dawo ta karɓi gonar ubanta, a hanya 'yan fashi suka tare su, shi ya cece ta amma ganin kamanninsa ta ɗauka shima ɗan fashi ne, daga baya ya aske ya zama mai kula mata da gona, sai ainihin makashin, wanda LeRoy Mason ya fito a matsayinsa, ya raɗa mata cewa ai wannan da kika yarda da shi shine ya kashe mahaifinki. Ka lura da kyau, duk nauyin zuciyar labarin a kanta yake. In bata sa ka yarda cewa ta so mutumin nan sannan ta tsane shi ba, to babu labari, saura gudun dawaki ne kawai. Kuma dole ta yi hakan cikin 'yan mintuna, da kalamai da aka rubuta a gurguje, babu wani dogon gwaji, gaban darakta da idonsa ke kan rana kar ta faɗi. A ganina wannan aiki ne mai wuya fiye da yadda ake zato, kuma ta yi shi da natsuwa, muryarta a fili, bata cika yawan zazzare ido irin na 'yan zamanin fim ɗin bebe ba. A Rainbow Valley kuma ta fito a Eleanor mai kula da gidan waya a wani gari da ke fafutukar gina hanya, Wayne jami'in gwamnati ne da ya ɓoye kansa, Hayes kuma yana yawo da wata tsohuwar mota yana kai wasiƙu. Eh mota, a fim ɗin kaboyi, dan yawancin waɗannan finafinan basu damu da wane zamani ake ciki ba, kana ganin mota da tarho da riguna irin na 1935 ga kuma mutane da bindiga a ƙugu, wanda shima sauƙin kuɗi ne, ba sai an ɗinka kayan da ba.

Ko sunanta ma ba'a tsaya an rubuta daidai ba a wasu finafinan, wani wuri Lucille wani wuri Brown babu harafin ƙarshe. Ƙaramin abu ne amma yana nuna maka ba wanda ke gina sunan.

A 1935 ɗin dai harkar ta canza. Herbert Yates mai kamfanin wanke finafinai Consolidated, wanda ƙananan kamfanonin nan ke bin layinsa kuma yake binsu bashi, ya tattara Monogram da Mascot da wasu ƙanana ya haɗe su suka zama Republic Pictures. Fim na farko da Republic ta yi wa mawaƙin kaboyi Gene Autry a matsayin cikakken jarumi shine Tumbling Tumbleweeds, darakta Joseph Kane, kuma jarumar ita ce Lucile Browne. Fim ɗin nan ya buɗe wata sabuwar kasuwa gaba ɗaya ta kaboyi mai waƙa wadda ta yi kusan shekara ashirin tana ci. Autry ya zama hamshaƙin attajiri, gidajen rediyo da talabijin, har ƙungiyar ƙwallon besbol ta Angels ya mallaka. Smiley Burnette mai ban dariyar da ke gefensa ya bi shi fim bayan fim shekaru. Ita kuwa da aka gama aka sallame ta, fim na gaba wata ce. Kuma zuwan waƙa ya ƙara matse macen, dan a cikin minti sittin ɗin nan yanzu sai an cire na waƙoƙi an cire na barkwanci.

Ta cigaba da zagayawa wajen sauran jarumai, Ken Maynard, Johnny Mack Brown a The Crooked Trail 1936, Tom Tyler a Cheyenne Rides Again 1937. Daga nan sunanta ya daina fitowa a matsayin jaruma. Shekarunta 30 a lokacin. Bayan haka sai 'yan ƙananan fitowa nan da can da ko suna ba'a sakawa, har zuwa wajen 1950.

Wani zai ce to ai akwai waɗanda suka tsallake. Akwai, amma duba ta ina suka bi. Myrna Loy ɗin nan da suka yi fim tare a 1930, MGM ce ta ɗauke ta ta zuba mata kuɗi da marubuta da masu kwalliya, zuwa 1934 ta zama babbar tauraruwa. Rita Hayworth ta yi ƙananan finafinan kaboyi a 1936 da 1937 da sunan Rita Cansino, ciki har da ɗaya da Tex Ritter, sai Columbia ta canza mata suna da launin gashi ta gina ta daga farko. Jennifer Jones ta fito da John Wayne a 1939 da sunan Phylis Isley, sai da furodusa David Selznick ya ɗauke ta ya canza mata suna sannan ta ci Oscar a 1944. Cecilia Parker wadda ita ce jarumar fim na farko cikin 16 ɗin Lone Star ta samu wuri a MGM a jerin finafinan Andy Hardy. Dukkansu fita suka yi daga harkar kaboyi, wani babban kamfani ya sa jari a kansu. Babu wadda ƙananan finafinan suka ɗaga da kansu. Kai, wasu ma saukowa suke yi su ƙare a nan, Louise Brooks da ta yi tashe a Jamus a ƙarshen shekarun 1920, fim ɗinta na ƙarshe a duniya ƙaramin fim ɗin kaboyi ne na Republic a 1938, shima da Wayne. Kuma tabon yana bin mutum, da zarar an san ki da layin talauci manyan kamfanoni sai su riƙa kallonki a mai araha. Wayne kansa sai da darakta John Ford ya dage sosai kafin a yarda a bashi babban fim ɗin Stagecoach a 1939, to in namiji da ake sayar da jerin finafinai da sunansa ya sha wannan wuyar, ina ga macen da ba'a taɓa sayar da komai da sunanta ba.

An taɓa gwada juya abin. Kamfanin Grand National ya yi finafinai uku da Dorothy Page a matsayin kaboyi mace mai waƙa, suka fito a 1939, ita ce jarumar ita ke hawan doki ita ke harbi. Basu karɓu ba, kamfanin ma a lokacin yana gab da durƙushewa, shikenan aka rufe babin aka ce 'yan kallo basa so. Ni dai ina ganin finafinai uku daga kamfanin da ke mutuwa basu isa a yanke hukunci da su ba. Sai a tsakiyar shekarun 1940 Dale Evans ta samu zama dindindin a gefen mawaƙin kaboyi Roy Rogers, daga 1944, kuma ita ma waƙa ce ta riƙe ta, sannan suka yi aure a 1947 suka zama haja ɗaya.

Misalin da yafi komai fito da bambancin yana cikin gidan Lucile ɗin kanta. A wajen ɗaukar The Airmail Mystery a 1932 ta haɗu da James Flavin, shine jarumin fim ɗin, suka yi aure, suka zauna sama da shekara arba'in, da ɗa ɗaya. Flavin bai zama tauraro ba, bayan wannan fim ɗin ya koma ƙananan rol, ɗan sanda, sajan, matuƙin jirgin ruwa, yana cikin King Kong na 1933 ma a matsayin ɗaya daga ma'aikatan jirgin. Amma ya yi ta aiki ba tsayawa, ɗaruruwan finafinai da shirye-shiryen talabijin, har shekarar da ya rasu yana fitowa. Namiji in ya tsufa fuskarsa ta yi kaushi sai rol ya ƙaru, akwai alƙali akwai sherif akwai mai banki akwai likitan gari. Fim ɗin kaboyi ɗaya zai ɗauki maza ashirin masu shekaru daban-daban, mace kuwa ɗaya ce, wani lokacin biyu, kuma dole ta zama budurwa. Su biyun a fim ɗaya suka tsaya a 1932, ita ma a lokacin ta fi shi gogewa a gaban kyamara, amma shi ya samu shekara 44 yana aiki ita kuma ta samu kamar bakwai a matsayin jaruma. Flavin ya rasu ranar 23 ga Afrilu 1976, ita ta bi shi ranar 10 ga Mayu, kwana 17 tsakani, tana da shekara 69.

Sauran abokan aikin nata na Lone Star kuwa, Wayne ya ci Oscar a 1970, Canutt an bashi Oscar ta girmamawa a 1967 bayan ya tsara tseren keken dawakin nan na fim ɗin Ben-Hur, Archie Stout ya ci tasa a ɗaukar hoto, Hayes ya zama Gabby Hayes da har shirin yara ya samu a talabijin. Basu ci haram ba, sun cancanta. Amma ga mazan wurin makaranta ce da mutum ke shekara biyu yana koyo yana gyara kuskure fim bayan fim, Wayne da Canutt a nan suka ƙirƙiro salon naushin da ake ɗauka daga bayan kafaɗa ya zama kamar gaske. Mace da aka ba kwana huɗu yaushe zata koyi wani abu ta gina a kai?

Sai maganar kuɗin baya, wadda ita tafi ci min rai. Ƙungiyar 'yan wasa ta Screen Actors Guild an kafa ta a 1933, amma sai 1937 kamfanoni suka amince da ita aka sa mafi ƙarancin albashi na dala 25 a rana, wato daidai shekarar da aikin Lucile na jaruma ke ƙarewa, duk wahalar da ta sha kafin nan babu wata yarjejeniyar ƙungiya da ta tsaya mata kan awannin aiki ko kuɗi. Da talabijin ta shigo a ƙarshen shekarun 1940, tashoshi na neman abin cike lokaci mai araha, sai tsofaffin finafinan kaboyin nan suka sake zama kuɗi, aka yi ta haska su safe da yamma. William Boyd da ya yi wayo ya saye haƙƙin finafinansa na Hopalong Cassidy ya zama miloniya. Autry da Rogers har kotu suka kai Republic kan sayar da finafinansu ga talabijin, dan suna da suna da lauyoyi, kuma ko su basu yi nasara a ƙarshe ba. Da ƙungiyar ta shiga yajin aiki a 1960 ƙarƙashin shugabanta na lokacin Ronald Reagan, yarjejeniyar da aka cimma ta bada kason maimaici ne, wato kuɗin da ake biyan 'yan wasa in an sake haska fim a talabijin, ga finafinan da za'a yi daga 1960, na tsakanin 1948 da 1960 aka biya dunƙulen kuɗi a asusun fansho, na kafin 1948 kuwa babu komai. Duk finafinan da Lucile ta ja kafin 1948 aka yi su.

Wasu daga cikin ayyukan nata ma babu su kwata-kwata, Danger Island yana cikin finafinan da ake lissafawa sun ɓata. Na Lone Star kuwa sun tsira ta wata hanya daban, dokar Amurka ta lokacin tana ba fim kariyar shekara 28 ne sai an sabunta, ba'a sabunta nasu ba, suka zama na kowa. Shi yasa aka yi ta buga su a kaset da faifai masu araha, wasu har an zuba musu kala da sabon kiɗa, kuma yanzu Texas Terror da Rainbow Valley suna nan a YouTube kyauta ga duk mai data, hoton John Wayne a gaba, sunanta kuma sai ka shiga cikin rubutun farkon fim ɗin zaka gan shi.